Yaron Da Ya Kashe Malamarsa: Mene Ne Hukuncinsa?

Jawabin da aka yi wa iyayen yara a Naraguta, Jos.



Ran 28 ga Afrilu, 2014, a birnin Leeds ta ƙasar Ingila, wani ɗan makaranta mai shekara 15 ya daddaɓa wa malamarsa Ann Maguire wuƙa a cikin aji, a gaban 'yan'uwansa ɗalibai, ta rasu. Shekararta 61, ta kuwa yi shekara 40 tana koyarwa a wannan makaranta. Ran 3 ga Nuwamba alƙali ya yanke wa yaron ɗaurin rai da rai, ya ce sai ya yi shekara 20 a tsare kafin a duba batun sakinsa.

To, da a ƙasarmu abin ya auku fa? Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Filato ta karɓa a 2005, ta hana a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba hukuncin kisa. Ana tsare shi, kuma akwai gidajen horon kangararrun yara, irin na Kakuri a Kaduna.

Wasu za su ce rai bakin rai. Lalle jinin malami ba abin wasa ba ne, wanda ya zubar da shi kuma tilas ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma dalilin doka shi ne hankalin yaro bai gama nuna ba, watau akwai sauran fatan shiryuwarsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan: yaron nan ya sha faɗa wa abokansa a Facebook irin ƙiyayyar da yake yi wa malamar, har da safiyar ranar ya gaya wa waɗansu niyyarsa, amma maganar ba ta kai kunnen manya ba sai da aikin gama ya gama.

Ku da neman abinci ya kai ku kudu, kuka bar 'ya'ya a makarantun gida, aika kuɗin makaranta kaɗai bai wadatar ba. Ku san sunan malamin ɗanku, ku riƙa tuntuɓarsa. Ku ja yaro a jiki ku ji abin da ke cin ransa, ku koya masa cewa kai rahoton barazana ba tsegumi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare malamanmu. Wassalam.