Nina Simone: Yarinyar da Gari Ya Yi Wa Karo-karo

 

An ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo labarin wata mace da muka karanta da kanmu. Mun zaɓi mawaƙiyar Amurka, baƙar fata, Nina Simone. Kada ku ce ina ruwan 'yan kasuwa da mawaƙiya. Ku dai saurara, akwai maganar kuɗi a ciki.

Sunanta na asali Eunice Waymon. An haife ta a 1933 a Tryon, wani ɗan gari a jihar Karolina ta Arewa, ita ce ta shida cikin 'ya'ya takwas. Mahaifiyarta mai wa'azi ce a coci, tana kuma aikatau a gidan fararen fata. Tun Eunice tana 'yar mitsitsiya take kaɗa fiyano a cocin. Da malamarta ta ga baiwar yarinyar, sai ta buɗe mata asusu, mutanen gari suka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Wannan karo-karon ne ya kai ta har makarantar kiɗa ta Juilliard a New York.

Burinta ta zama gwanar fiyano a kiɗan gargajiyar Turai. Amma makarantar Curtis da ke Filadelfiya ta ƙi ɗaukar ta, ita kuwa ta tsaya a kan cewa launin fatarta ne dalili. Dole ta nemi abin yi. A 1954 ta kama aikin kaɗa fiyano a wata mashaya a Atlantic City, mai wurin ya ce sai ta haɗa da waƙa. Nan ta sauya suna zuwa Nina Simone, don kada mahaifiyarta ta ji labari. Nan kuma salonta ya fito: ga jaz, ga waƙoƙin coci, ga waƙoƙin baƙin ciki na baƙaƙen Amurka, ga kiɗan Turai da ta koya, duk a tukunya ɗaya.

To, ga inda muke so ku buɗe kunne. Da ta yi faifanta na farko, sai ta sayar da haƙƙinsa a kan dala 3,000. Faifan ya yi kasuwa, riba tana ta shiga aljihun wasu. Bayan kusan shekara talatin, a 1987, aka sa wata waƙa daga cikinsa a tallar turaren Chanel, ta sake tashe a Ingila. Ku duba fa, gumi nata, murya tata, amma takarda ta ce kayan ba nata ba ne.

Ba wai sakarya ba ce. Wannan mata ce da, bayan an tayar da bam a wani coci a Birmingham a 1963, yara mata huɗu suka mutu, ta fito da waƙar adawa da wariyar launin fata, ba ta ji tsoron kowa ba. Ta zo Legas a 1961, daga baya ta zauna a Laberiya. Ta rasu a Faransa a 2003, kwanaki kaɗan bayan makarantar nan da ta ƙi ta ta ba ta digirin girmamawa.

Abin da ya tsaya mana a rai ke nan: matar da ta yi wannan karatu, takarda ɗaya ta cuce ta. Ina ga mu da muka shekara muna dangwala yatsa a takardar hayar shago da ta bashi, ba mu san abin da ke ciki ba? Da yawanmu kunya ce ke hana mu cewa a karanta mana.

Don haka, iyayenmu da 'yan uwa, duk takardar da aka miƙo muku, kada ku sa hannu a tsaye. Ku kai gida, ku kwana da ita, ɗa ko 'yar uwa ta karanta muku layi-layi. Wadda kuma ke son karantawa da idonta, akwai sauran wuri a bencinmu.