Kafin Mu Zuba Kuɗi a Gidan Haya

A ƙungiyoyin adashe da muke ziyarta, tambayar da aka fi yi mana ita ce: idan mutum ya karɓi kuɗin sallama, ko gwauruwa ta sami gadon mijinta, gina gidan haya ya dace? Amsarmu ita ce, gidan haya dukiya ce mai kyau, amma ribarsa a hankali take zuwa. Ga abubuwa huɗu da za mu duba.

Na farko, takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da muke saya izinin zama ne, wanda yawanci na shekara 99 ne. Kada mu dogara da bakin dillali. Mu kai lambar fulotin ofishin filaye a bincika, mu tambayi mai unguwa da maƙwabta. Idan filin gado ne, dukan magada su sa hannu. Mun ga gwaurayen da suka biya kuɗin filin da aka riga aka sayar wa wani.

Na biyu, wuri. Mu je mu ga filin da damina. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, sun nuna mana cewa filin kwari mai araha yakan zama mafi tsada.

Na uku, lissafi. A ce fili da ginin ɗakuna huɗu sun ci naira miliyan 12, kowane ɗaki kuma yana kawo 150,000 a shekara. Jimla 600,000 ke nan. Mu cire 100,000 na gyaran kwano, yashe masai, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Saura 500,000. Kuɗinmu ba zai dawo ba sai bayan shekara 24. Saboda haka kada mu ci bashi mai ruwa don gini, kada kuma mu taɓa kuɗin abinci ko na makarantar yara. A fara da ɗakuna biyu, da masai da ruwa, a ƙara daga baya.

Na huɗu, yarjejeniya. Ko ɗan'uwa ne zai shiga, a rubuta kuɗin haya, ranar biya, da wanda zai biya wuta da gyara, a gaban shaidu, kuma a riƙa ba da rasit. A jihohi da dama, idan ba a rubuta wani wa'adi ba, mai biya shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6 kafin ya tashi. Cire ƙofa ko watsar da kayansa laifi ne. Kotu ce mai fitar da shi. Ɗan haya maƙwabcinmu ne, kuma wanda aka riƙe da mutunci yakan kula da gida.

Idan kun koma ƙungiyoyinku, ku yi wannan lissafi da farashin garinku kafin kowa ya sayi bulo ɗaya.