Kafin a Binne Bututu, Wa Ya Duba Abin da Ke Ƙasa?

Yau zan ɗan kai ku nesa, birnin Meksiko.

Ranar 21 ga Fabrairun 1978, ma'aikatan kamfanin lantarki suna haƙa rami a tsakiyar tsohon gari, kusa da babban dandalin da ake kira Zokalo, za su shimfiɗa waya. Sai diga ya bugi wani dutse da ya ƙi motsi. Da aka share ƙasar, ashe faffaɗan dutse ne kamar faifai, faɗinsa ya wuce mita 3, an sassaƙa hoton Koyolshauki a jikinsa, abar bautar mutanen Aztek. Wannan dutsen ne ya buɗe ƙofar tono Templo Mayor, babban ɗakin bautar birnin Tenochtitlan da Turawan Sifaniya suka ci da yaƙi a 1521, suka gina nasu birnin a kansa. Gwamnati ta rushe gine-gine 13, masanin kufai Eduardo Matos Moctezuma ya jagoranci aikin, a 1987 aka buɗe gidan tarihi a wurin.

Labari mai daɗi ko? To amma ku lura, sa'a ce kawai. Dutsen ya yi girman da ba a iya kau da kai. Da tukunya ce, ko ƙashi, ko gawayin wani tsohon murhu, wallahi da tuni an kwashe an zubar.

Su ma sun gane haka. A 1991 suka kafa shirin binciken kufai na cikin gari, ta yadda kafin a yi gini ko haƙa a wannan yanki, masana ne ke fara shiga. Ta wannan hanyar a 2006 aka gano dutsen Tlaltekutli, kusan tan 12, har fentin jikinsa bai gama gogewa ba.

Wani zai ce, to in an samu kayan ai shi ke nan, meye na jinkirta aiki? Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Mai binciken kufai ba kayan kaɗai yake nema ba, wurin da kayan suke kwance yake karantawa. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Gutsuren tukunya a inda yake, kusa da gawayin da za a iya auna shekarunsa, zai gaya maka yaushe aka zauna a wurin, me aka ci, da wa aka yi ciniki. Katafila ta cakuɗa shi sau ɗaya, ya koma kasko kawai. Kuma babu gyara.

Na san akwai tsada. Unguwar da ta shekara tana sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba za ta so jin an tsayar da bututu saboda fasassun tukwane ba, kuma ban ga laifinta ba. Shi ya sa ake cewa kafin. In binciken yana cikin kasafi da jadawalin kwangila tun farko, ba sai an tsayar da kowa a tsakiyar aiki ba.

Abin da ya sa maganar ta dame ni, bara ina wucewa ta wani lungu a cikin birnin Kano, ana haƙa ramin bututu, na ga tarkacen tsoffin tukwane a cikin ƙasar da aka tara gefe. Na tambayi wani lebura, na ce malam, akwai wanda ya zo ya duba? Ya yi dariya ya ce duba me. Wannan fa garin da aka samu shaidar narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Don haka in kun ga an fara haƙa a tsohuwar unguwarku, ku ɗau hoto, ku rubuta wurin da ranar, ku kai wa gidan tarihi mafi kusa. Ku turo mana mu ma, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku.