Jawabi kan haɗa sabuwar waya da Wi-Fi na sansani



Wanda ya samu sabuwar waya, ya buɗe saitinta, ya kunna Wi-Fi, ya zaɓi sunan da muka rubuta a allon sanarwa. Ku duba, akwai alamar kwaɗon kulle ƙofa kusa da sunan? In babu, kada ku shiga. Mugu kan buɗe layi mai suna irin namu don ya saci lambobin sirrinku, har na asusun kuɗin waya.

Kalmar sirri a hannun ma'aikatanmu ake karɓa, kuma kyauta ce. Ku shigar da ita daidai, babban harafi daban, ƙarami daban. Sau ɗaya ya isa, wayar za ta riƙe. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar katinku, ku sanar da mu.

Allah ya sada mu da danginmu lafiya.