Habasha da Takardun Musolini



A 1935 sojojin Musolini, shugaban Italiya, suka afka wa Habasha, jiragensu na zubo iska mai guba a kan mayaƙa da ƙauyuka, har da rafukan da dabbobi ke sha. Shekaru kusan sittin Italiya tana musun haka. Masanin tarihi Anjelo Del Boka ne ya dage yana tono takardun soja da saƙonnin wayar tangarahu masu ɗauke da umarnin Musolini, ana ta zaginsa, har gwamnati ta amsa laifin a 1996.

Wannan ne ya sa nake ganin nazarin aƙidar Fasist ta Musolini ya wuce aikin masana tarihi kaɗai. Masu ilimin halayyar ɗan Adam suna binciken yadda talaka mai yunwa ke miƙa wuya ga shugaba guda. Masana siyasa kuma suna bin diddigin jam'iyyun Turai masu ƙyamar baƙi a yau.

Kuma maganar ba ta mutu ba. A 2012, garin Afile na Italiya ya gina wa Janar Giraziyani wurin tunawa da kuɗin gwamnati, mutumin da aka yi wa dubban mutanen Adis Ababa kisan gilla a ƙarƙashinsa a Fabrairun 1937.