Abin da Tambarin Taron Musulmi Ke Faɗa



Duk wanda ya kalli hotunan taron ministocin harkokin waje na ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC da aka yi a Yamai a watan Nuwamba na 2020, ya ga tambari ɗaya: Ka'aba a tsakiyar duniya, jinjirin wata ya rungume su.

A 2011, a birnin Astana na Kazakistan, ƙungiyar ta sauya suna ta kuma ɗauki wannan tambari. Ka'aba ita ce alƙiblar da ta haɗa ƙasashe 57 na ƙungiyar, daga Nijeriya zuwa Indonesiya, duk da bambancin harshe da mazhaba. Duniyar na nuna cewa Musulmi na ko'ina, kuma da sauran mutane suke zaune. Jinjirin wata kuwa da shi muke sanin azumi, sallah da aikin hajji.

Tsohuwar tutar ƙungiyar na ɗauke da kalmar Allahu Akbar, sabon tambarin kuwa babu rubutu mai tsarki a ciki. A nan masu shirya musabaƙa da saukar karatu a garuruwanmu ke da darasi. Tambari yana hawa takardar gayyata, leda da riga, daga bisani a tsince su a ƙasa. A bar ayoyi a allo da Mus'hafi. Zayyanar da malamanmu ke ƙawata allon sauka da ita ta ishi mai zane ya fitar da tambari mai ma'ana, wanda kowa zai gane namu ne.

Mu kwana nan.