Daga Asibitin Badun Zuwa Majalisar Dattawa: Rayuwar Farfesa Jibril Aminu

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran biranen Kudu, jawabin yau a kan wani mutum ne wanda shi ma ya yi zaman baƙunci a Kudu, watau marigayi Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya wanda ya wakilci Adamawa ta Tsakiya a Majalisar Dattawa har shekara takwas.

An haife shi a garin Song, cikin ƙasar Adamawa, a 1939. Bayan ya gama Kwalejin Barewa ta Zariya sai ya nufi Jami'ar Badun, inda ya sami digirin likita a 1965, lokacin da likitoci 'yan Arewa 'yan ƙalilan ne. Daga nan ya ƙaro ilmi a London, ya sami babban digiri a 1972, sa'an nan ya komo Badun yana koyarwa yana kuma duba marasa lafiya.

To, amma ƙasa ba ta bar shi a asibiti ba. A 1975 aka naɗa shi Babban Sakataren Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, ya riƙe har 1979. Ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, kana ya zama Ministan Ilmi. A nan ne ya yi aikin da aka fi tunawa da shi. Ya lura cewa 'ya'yan makiyaya ba sa samun karatu, domin makaranta tana wuri guda, su kuwa kullum suna bin dabbobi. Saboda haka aka tsara makarantun tafi-da-gidanka, malami ya bi ɗalibi har ruga, aka kuma kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa a 1989. Daga wannan shekara zuwa 1992 ya riƙe ma'aikatar man fetur, daga baya kuma ya zama Jakadan Nijeriya a Amurka daga 1999 zuwa 2003.

Da ya dawo gida sai ya tsaya zaɓe a ƙarƙashin jam'iyyar PDP. Jama'arsa suka tura shi Abuja a 2003, suka sake tura shi a 2007, ya zauna har 2011, ya kuma shugabanci kwamitin harkokin ƙasashen waje. Ya shiga majalisa ne yana da sanin asibiti da jami'a da ofishin jakadanci, ga shi kuma ya san Kudu da mutanenta, abin da ba kowane wakili yake da shi ba.

Ga darasi a nan ga duk wanda neman abinci ya kawo Kudu. Ɗan kasuwar Sabo da mai sayar da shanu a Agege su ma matafiya ne, kuma sau da yawa karatun yaro shi yake fara lalacewa idan ana yawan ƙaura. Zaman Kudu kuwa dama ce, gama makarantu suna kusa. Wanda ya sa ɗansa ko 'yarsa makaranta, ya dage har su gama, ya aika wa garinsu abin da ya fi kuɗin kaya daraja.

Farfesa Jibril Aminu ya rasu a Abuja ran 5 ga watan Yuni, 2025, yana da shekara 85. Allah ya jiƙansa, ya sa mu ga irinsa cikin yaranmu da ke tasowa a Kudu.